Ganyen da Jibo Ya Gitta a Wuyan Raƙumi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga 'Yandoto ta ratsa duwatsu ya san Ɗanlami Mai Ganye. Dogo ne siriri, kullum da adda a bayan kujerar a-kori-kurarsa. Shekara ashirin da huɗu yana jigilar mutane da buhuna daga ƙauyukan bayan dutse zuwa kasuwar Tsafe. Ana cewa babu direba mai tsoron Allah kamarsa. Uhm! Da an san dalili, da an rage yabon.

Akwai wani matsatsi a hanyar da ake kira Wuyan Raƙumi, dutse dama, dutse hagu, mota ɗaya ke wucewa. In aka jera kwanaki ana ruwa, ƙasar da ke riƙe da duwatsun sama takan jiƙe ta saki, sai su gangaro ba sallama. Shi ya sa tun kaka da kakanni aka yi ƙa'ida: wanda ya fara ganin tsakuwa na zubowa, ko jan ruwa na ɓulɓulowa daga gindin dutse, ya sari ɗanyen reshe ya gitta a bakin hanya. Mai mota, mai kabu-kabu, mai jaki, kowa ya ga ganye ya juya ya bi zagaye, ko da zai ci masa rabin yini.

Shekara bakwai ke nan, wata safiya a tsakiyar damina, Ɗanlami ya iso da lodin tumatir ya tarar da ganye. Jibo ne ya sa, wani dattijon makiyayi da rugarsa ke kusa da dutsen. Ɗanlami ya dubi sama, shiru. Ya dubi tumatir, har ya fara tsiyaya. Ya ce, "Kai, Jibo da tsoro!" Ya ja rassan ya jefa a kwalbati, ya shiga. Ko mai taurin kai in ya shiga, ya kamata ya tsaya ya mayar da ganyen. Amma tsayawa a ƙarƙashin wannan dutse? Mutumin da ya gama yi wa Jibo dariya sai ga shi ya kasa taka birki.

Bai kai Tsafe ba labari ya riske shi. Dutse ya gangaro ya danne Ashiru, ɗan kabu-kabu, amininsa tun na ƙuruciya. A Gusau aka yanke masa ƙafar dama.

Jama'a suka yi ca a kan Jibo. "Baba, kai ne kullum a gindin dutse, me ya hana ka sa ganye?" Tsoho ya rantse ya sake rantsewa cewa ya sa. Ina shaida? Ruwa ya tafi da rassan. Aka ce maƙaryaci ne, mata suka daina sayen nonon rugarsa. Kafin kaka ya kaɗa shanunsa ya bar ƙasar. Ɗanlami na tsaye cikin taron nan, hannu a aljihu, bai ce uffan ba.

Tun daga ranar, ko yayyafi aka yi shi ne na farko a Wuyan Raƙumi da addarsa. Yakan juya mutane, su zage shi, daga baya su sa masa albarka. Kowace albarka ƙuna take ƙara masa.

Bana direbobin tasha suka ce za su naɗa shi Sarkin Hanya. Nan fa tura ta kai bango. Ya tafi rumfar da Ashiru ke facin taya, ya durƙusa kusa da sandarsa, ya faɗi komai.

Ashiru bai daina goge tiyub ɗin da ke hannunsa ba. Ya ce, "Na sani, Ɗanlami. Ina bayanka ranar, na hango ka kana jan ganyen. Na ce tunda kai ka cire, hanya lafiya take. Ni na yafe maka tun ina gadon asibiti."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Don kada a taɓa ka. Da ni da kai muka bari aka ci mutuncin tsohon nan."

Ɗanlami ya miƙe zumbur. "Tashi mu nemo shi, mota na waje."

Sai a lokacin Ashiru ya ɗago kai. "Jibo ya rasu bara a wajen Bungudu. Wa za mu roƙa?"

Ranar naɗi, Ɗanlami ya tsaya a gaban direbobi, ya ture rawanin, ya ce kafin komai su saurara: Jibo ya sa ganye.