Malam Je-ka-duba da Majalisar Alhamis

Waɗanda wannan tarihi ya shafa su ne: marigayi malamin da ɗalibai suka laƙaba wa Je-ka-duba, da maiɗakinsa, da Mai Makaranta, wanda ya gaji makarantar daga mahaifinsa, da ɗalibar Malam, 'yar mai gyaran agogo.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam a shekarar 1952, a garin kakanninsa, cikin ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, wanda tela ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya karanci fiƙihu da nahawu, sannan ya shiga kwalejin horon malamai, inda ya ƙware a lissafi, ya kammala a 1976.

Aiki da aure

A 1979 aka ɗauke shi koyarwa a wata sakandaren Islamiyya mai masallaci a tsakar fili, inda ya iske ɗalibai masu kaifin hadda, waɗanda ke kawo shafi sukutum da ka, amma da zarar an tambaye su inda marubucin ya samo hujjarsa sai su sunkuyar da kai. Wannan ya sa duk wanda ya zo masa da tambaya ba ya ba shi amsa, sai dai ya nuna masa inda zai nemo ta. Ya yi aure a 1981, kuma maiɗakinsa kan ce masa, "Malam, ko lafiyarka na tambaya, cewa za ka yi in je in duba."

Majalisar Alhamis

A 1988 aka ba shi wani tsohon ɗakin ajiya mai taga ɗaya, ya sa benci da kantar littattafai, ya kafa majalisar bincike kowace Alhamis. Sharaɗinta shi ne ba a karɓar "an ce": ko ɗalibi ya kawo littafi da shafi, ko ya faɗi wanda ya tambaya, ko ya auna da hannunsa. A nan aka binciki dalilin janyewar ruwan rijiyar makaranta, da tsawon inuwa lokacin shigar la'asar.

A ƙarshen Mayun 1997, 'yar mai gyaran agogo ta karanta cewa akwai sa'ar da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba, inuwar sanda kuma ta bi layin alƙibla, ta aro agogon mahaifinta, 'yan majalisa suka kafa sanda a ƙofar masallaci, inuwa ta nuna cewa alƙiblar ta karkace. Mahaifin Mai Makaranta ne ya aza harsashin masallacin da hannunsa. Malam ya bayyana cewa sallolin baya ingantattu ne, tunda marigayi mahaifin ya yi iyakar ijtihadinsa, amma zuciyar ɗan ba ta sanyaya ba.

"Malam, yau mahaifina suka gyara," in ji Mai Makaranta, "gobe kai za su gyara."

"Allah ya nuna mini ranar, Alhaji," in ji Malam.

Aka karkata shimfiɗun masallaci ba tare da sanarwa ba, aka kuma garƙame ɗakin majalisa, aka mayar da shi matattarar karyayyun kujeru.

Shekarun jira

Malam ya ci gaba da koyarwa har 2012, yana wucewa ta gaban ɗakin kowace safiya, yakan ɗan rage tafiya idan ya zo daidai tagar. Duk farkon shekara yana neman a buɗe, ana ce masa a bari sai baɗi. Bayan ya ajiye aiki yakan zauna a ƙofar gida lokacin tashi daga makaranta, yana tambayar ɗalibai masu wucewa, "Me kuka gano yau?" Su kuwa su ce, "An rubuta mana a allo mun kwafa, Baba." Sai ya sa musu albarka, ya bi su da kallo har su sha kwana.

Ƙarshen rayuwa

A 2021, bayan Mai Makaranta ya miƙa ragama saboda tsufa, aka naɗa 'yar mai gyaran agogo shugabar makarantar. Ta sa aka kwashe kujerun, aka share ɗakin, ta zo da kanta ta durƙusa ta shaida wa Malam cewa shi zai buɗe zaman farko da tambayarsa ranar Alhamis mai zuwa. Ya sa aka goge masa riga, ya ce ya tanadi tambayar tuntuni. Da maiɗakinsa ta nemi ji, ya ce ta yara ce.

Allah ya karɓi ransa ranar Talatar makon, bayan gajeriyar jinya. Aka sallace shi bayan azahar, Mai Makaranta yana sahun gaba an riƙe shi, aka binne Malam kusa da mahaifiyarsa. Majalisa ta zauna ranar Alhamis, kuma har yau babu wanda ya san tambayar.

Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya huɗu: babban, malamin asibiti, mai bi masa, tela, ta uku, malamar firamare, da auta, wadda ke karatu. Allah ya jiƙansa. Wanda ya ga kuskure a shekara ko a zance, ana roƙonsa ya gyara, ya kuma faɗi inda ya samo.