Awon Da Aka Yi Ta Kan Amawali

Duk wanda ya taɓa kai raƙumi kasuwar dabbobi ta Dakoro ya san Hamid dillali. Dogo ne, mai kauri, baƙin rawaninsa kullum a naɗe, amawali ya rufe daga karan hanci har ƙasa. Kakanninsa daga arewa suka gangaro, kuma ko da yake a Dakoro aka haife shi, bai taɓa sakin ɗabi'arsu ta rufe baki gaban mutane ba. Akwai waɗanda suka shekara ashirin suna ciniki da shi, ba su san yana da wushirya ba.

To, mutumin nan sai barci ya sako shi gaba. Ba barcin gajiya ba, a'a, irin wanda ke kama mutum yana tsakiyar magana. Mai saye ya taya, a juyo a ji bakin dillali, sai a tarar kai ya langaɓe, minshari na fitowa ta cikin rawani. Tun ana dariya har aka daina. Ranar da cikin magagi ya sallama taguwar Bubakar tun ciniki bai nuna ba, ran nan abin ya kai maƙura. Bubakar makiyayi ne daga Tagris, tun zamanin mahaifinsa dabbobin gidansu a hannun Hamid suke fita.

"Hamid, ban ƙi ka ba," in ji Bubakar, yana kaɗa sandarsa a ƙasa. "Amma raƙumi ba kaza ba ne. Bayan girbi zan sauko da amale biyu. In na iske ka kana gyangyaɗi, wani zan ba igiya."

Hamid ya san in Bubakar ya janye, sauran mutanen Tagris bin sa za su yi.

Matarsa Zara ce ta matsa a je likita. Ta ce ba minsharin ke ba ta tsoro ba, shirun da ke biyo baya ne, sa'ad da numfashinsa ke ɗaukewa sai ta zungure shi. Yayanta Mainassara, dattijon da ya riƙe ta kuma ya ba Hamid aurenta, shi ya raka shi har Yamai. Can aka gwada, aka ce hanyar iska ce ke toshewa in ya kwanta. Aka haɗa shi da wata ƴar na'ura mai hura iska ta tiyo, da takunkumin roba da zai rufe hanci da baki. Ɗansa Mohamed ya sa masa sola da batir saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki.

Sai dai abin ya ƙi. Iska ta riƙa zurarewa ta gefe tana yi masa fito a ido. Ya ɗaure igiyoyin har suka zana masa kumatu, a banza. Bayan mako uku ya naɗe tiyo, ya tura kayan ƙarƙashin gado.

Abokan shan shayinsa kuwa sun samu abin yi. "Ina takunkumin, Hamid? Ka ba mu aro, akwai ɗan maraƙin da ya ƙi barin nono!"

Ya yi dariya tare da su. Gero ya fara fidda kai a gonakin hanyar Kornaka, girbi na matsowa.

Wata rana da hantsi Mainassara ya biyo gaisuwa. Hamid na zaure, yana jin Zara na kai ƙara daga tsakar gida.

"Yaya, abin nan ya yi masa yawa. Kamar an kifa masa ƙwarya."

"To ai dole," in ji Mainassara. "Ta kan amawali aka auna shi."

"Mi ka ce?" in ji Zara.

"Yaron likitan ya ce ya sauke, ya ƙi. Layi ya yi tsawo, yaro ya ɗora ma'auni bisa ƙyalle ya rubuta babba."

Hamid ya ji kunya ta rufe shi. Gaskiya ne. Yaya za a yi ya buɗe baki surukinsa na zaune yana kallo? A gidansu ko ruwa ba a sha gaban suruki sai ta ƙarƙashin rawani. Shi a ganinsa ladabi ya yi, bai taɓa kawo wa ransa cewa ƙyalle ninki uku zai ɓata awo ba.

Zara ta leƙo zauren, hannu a ƙugu. "Malam, wato mako uku kana zagin na'ura, ashe rawaninka aka yi wa magani?"

Suka koma Yamai, shi da Mainassara dai. Da aka kira sunan Hamid, Mainassara ya miƙe ya gyara riga. "Ni zan tahi neman goro," ya ce, bai dubi kowa ba. "Kuma mai goron yana da nisa."

Wannan karon wani ma'aikaci suka samu, Rashidu, mai haƙuri. Ya tura ƙofa, Hamid ya sauke amawali a hankali. Rashidu ya dubi gemun da ya cika fuska, da ɗan siririn hanci, ya yi murmushi.

"Baba, ko an auna daidai, wancan ba zai zauna bisa gemun nan ba. Gwada wanga."

Ƙarami ne, ƴan robobi biyu masu laushi da ke zama a ƙofar hanci kawai. Sharaɗinsa ɗaya, baki ya zauna a rufe.

"Rufe baki?" in ji Hamid. "Yaro, sana'ar gidanmu ke nan."

Ba rana ɗaya ya saba ba. Rashidu ya ce ya riƙa sa shi da rana tukuna, don haka bayan azahar sai ya zauna a ɗaki da tiyo a hanci yana sauraron rediyo. Hancinsa ya bushe, ya koyi zuba ruwa mai tsabta a ɗan tankin na'urar. Haɓarsa na saki in barci ya yi nauyi, Zara ta yanko tsohon rawani ta ɗinka masa maɗauri. Wata safiya ya farka ya ji kansa wasai, babu ciwon da ya saba tashi da shi, har ya tsaya yana mamaki.

Bubakar ya sauko bayan girbi da amalensa biyu. Ya tsaya nesa kaɗan yana kallo. Hamid ya kama igiya, ya buɗe bakin raƙumi ya nuna haƙora, ya ja ciniki da wani Bakano tun hantsi har rana ta take, ido tar, bai sallama ba sai da Bubakar ya gyaɗa kai.

"Mi ka sha ne?" Bubakar ya tambaya, yana miƙa masa igiyar na biyun.

"Iska," in ji Hamid. Ya gyara amawalinsa, ya ja raƙumin zuwa inda masu saye suka taru.