Almu da Ƙadangaruwar Mahmuda

Duk wanda mota ta taɓa lalace masa tsakanin Dogon Daji da Tambuwal ya san Almu Ɗangiwa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan gajere mai faɗin kafaɗa da ke zaune ƙarƙashin dogon yaro a bakin hanyar Sakkwato, da buhun sifanu a gefensa. Tun yana yaro aka laƙaba masa Ɗangiwa, don ba ya sauri, ba ya kuma mantuwa. Ɗan maƙera ne. Daga zuga-zugin ubansa ya koma gyaran injin niƙa, daga nan babura, har ya kai ga motoci. Matarsa Saudat takan ce hirar da yake yi da ƙarfe ta fi wadda yake yi da mutane, shi kuwa bai taɓa musa mata ba.

A duk motocin da suka bi ta hannunsa, akwai guda da ba ta da 'yar'uwa a ƙasar nan. Ta taubashinsa ce, Mahmuda, ɗan goggonsa, malamin dabbobi a Kebbe. Suna samari Mahmuda ya sayar da shanun gadonsa ya saye ta a hannun wani malamin makaranta Ba'indiye da zai koma gida. Mazda ce ja, mai ƙofa biyu, kwance take da ƙasa kamar ta yi rarrafe, fitilunta kuma a rufe suke, sai an murɗa maɓalli su ɗago kai kamar mai farkawa daga barci. Mutanen Kebbe suka sa mata Ƙadangaruwa.

Ranar da aka fara buɗe bonet ɗinta a Tambuwal, makanikai suka leƙa suka ja da baya. Injin ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki kamar dutsen niƙa, kuma da gangan aka yi shi yana lasar baƙin mai kaɗan-kaɗan tare da fetur, yana fitar da siririn hayaƙi. Kowa ya ce aikin aljanu ne. Almu ne kaɗai ya ja kujera ya zauna gabanta. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara sa mata hannu sai shi.

Hanyar Kebbe ba ta ragar wa mota mai jan ciki ba. Yau salansa, gobe tankin mai. Daga baya kafireto ya ruɓe, aka nema aka rasa, aka tura ta cikin gida gindin bango. Shekaru suka bi ta kanta, kaji suka mai da ta akurki. Shi ma Mahmuda ya yi ritaya, hawan jini ya taɓa shi, idanunsa suka tafi.

Bara da damina Almu ya je gaishe shi, ya tarar da Kamilu, babban ɗan Mahmuda, yana auna wurin da igiya. Aure zai yi bayan kaka, nan zai gina ɗaki, ya kuma riga ya yi magana da 'yan gwangwan su zo su yanka motar su kwashe.

Mahmuda yana zaune kan tabarma, ya juyo da fuska wajen takun Almu.

"Ɗan baƙin ƙarfe, kai na? Tun daga zaure nika jin warin gumin maƙera."

"Ni na, likitan jakkai. Ashe hancin bai bi idanun ba."

Suka yi dariya. Can Mahmuda ya rage murya. "Yaro na da gaskiya, wurin nashi na. Ba ni hana shi. Amma Almu, kada a sa mata wuta ban ƙara jin kukanta ba. Sau guda. Ko ka tsufa?"

 Almu ya tashi ya kori kaji, ya ɗaga bonet, ya sa sifana ya juya injin da hannu. Ya juya da ƙyar, amma ya juya. Ya dubi Kamilu ya ce, "Ka ba ni zuwa a yanke gero."

Abin da ya rage shi ne hanyar da injin ke shaƙar iska da fetur, wato kafireto da maƙogwaron alminiyam da yake zaune a kai. Irin nata ya ƙare a duniyar da Almu ya sani. Ya aika Sakkwato, ya aika Kano, shiru. Sai wani direban tirela ya zo masa da wani daga kasuwar Fanteka ta Kaduna cikin buhun shinkafa, na ƙanwar motar ne da aka ƙera bayanta da 'yan shekaru. Almu ya ɗaure shi bayan babur ya kama hanyar Kebbe cikin taɓo, zuciyarsa fari ƙal.

Da ya kara shi jikin injin, sai murna ta koma ciki. Ramukan ba su haɗu ba. Kusoshi biyu sun shiga, sauran sun kauce, bakin maƙogwaron kuma ya ɗan zarce na injin, kamar an sa wa tsoho hular jikansa.

"Mi ya faru? Na ji ka yi shiru irin na mugunta," in ji Mahmuda.

"Amarya ta ƙi ɗakin."

"To ka lallashe ta. Kai da ka lallashi Saudat ta zauna da kai, mi za ya gagare ka?"

Almu ya shafa baƙin mai a fuskar injin ya danna kwali a kai, ramukan suka fito. Ya yi wa sabon maƙogwaron haka. Ya koma Tambuwal ya samu katako, ya zauna da wuƙa da kurfi yana sassaƙa wani faranti mai fuska biyu: ɗaya ta dace da tsohon inji, ɗayar ta dace da sabon kaya, ramukan suna karkacewa a tsakani har su sadu. Makonni ya yi a kai. Masu motocin haya suka yi ta ƙorafi wai Ɗangiwa ya koma sassaƙar allo.

Daga nan ya kai wa Maccido mai zubin tukwanen alminiyam a bayan kasuwa. Maccido ya jujjuya katakon ya ce, "Baba Almu, wagga tukunya wace miya aka dafawa cikinta?"

"Zuba dai. In ta dahu ka ji ƙamshi."

Aka danna katakon cikin damshin yashi, aka narka fasassun tukwane da gwangwanayen lemo aka zuba. Na farko ya fito da ƙuraje kamar masa. Na biyu ya fito sumul. Almu ya bi shi da zarto da takardar yashi har sai da fuskar farantin ta kwanta daidai a kan gilashi.

Gero ya riga ya sunkuya ranar da ya ɗaura komai. Ya wanke tanki, ya sa sababbin filogi, ya aro batirin motar haya. Maƙwabta suka cika tsakar gida da hantsi. Kamilu ya kamo hannun ubansa ya zaunar da shi kan kujera kusa da motar.

Almu ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. A karo na gaba ta kama, da wata ƙara siririya mai santsi, kaji suka watse, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan zana. Almu ya zagaya ya dubi salansa, ko ɗigon hayaƙi babu. Ransa ya yi sanyi, ya ce a zuci sabon kaya sabon kaya ne.

Mahmuda kuwa bai motsa ba. Ya karkata kai, ya buɗa hanci, ya girgiza kai.

"Wagga ba motata ba ta."

Maganar ta soki Almu. "Kai tsohon banza! Wata nawa nika bin hanyar ga saboda kai?"

"Ban raina ba, ɗan'uwa. Kukan ya yi kusa. Amma tawa tana da wari. In na tashe ta da safe, har rigata shika kamawa, uwar Kamilu ta yi ta faɗa. Wagga ba ta warin komi."

Almu ya buɗe baki zai rama, sai maganar ta faɗa masa a wani wuri dabam. Babu wari, babu hayaƙi. Babu hayaƙi, ashe ba ta samun baƙin mai. Ɗan famfon da ke ɗiga mata man ya daskare a shekarun da ta yi a kwance, ƙarfen ciki yana gogar bango a bushe, shi kuma yana tsaye yana murna. Ya yi tsalle irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi, ya kashe ta.

Ya tsaya yana haki. Da an ƙara jimawa kaɗan, da 'yan gwangwan sun samu kayansu ba tare da sun wahala ba.

Famfon ba ya gyaruwa a ranar. Amma Almu ya yi shekaru yana gyaran tsofaffin baburan nan masu hayaƙi, waɗanda ake haɗa musu fetur da mai a tanki ɗaya. Ya aika aka sayo man, ya auna da murfin galan, ya zuba a tanki, ya sa maza suka jijjiga motar. Ya cire filogi ya ɗiga kaɗan a ramukan, ya mayar. Ya yi bisimilla ya murɗa.

Ta tashi. Kukan ya ɗan yi kauri, wani shuɗin hayaƙi ya bi ƙasa ya hau ƙafafun Mahmuda. Tsohon ya ja numfashi mai tsawo, ya yi tari, ya sake ja. Ya miƙa hannu yana lalube har tafinsa ya sauka a kan ƙarfen da ke karkarwa.

"Ita ta, Almu. Wallahi ita ta."

 Kamilu ya daɗe yana duban fuskar ubansa, sannan ya fita waje da waya a kunne. Da ya dawo ya ce ya sallami 'yan gwangwan. Bangon da zai rushe don gini, ta nan aka fitar da ita bayan kwana biyu, a kan tayoyin aro, Almu na tuƙi, Mahmuda na gefensa, tafiyar da ba ta wuce daga tsakar gida zuwa gindin tsamiyar ƙofar gida ba. Can take har yau, an yi mata rumfar kara. Duk ranar kasuwar Kebbe Almu yakan hau babur ya je ya tashe ta.

A ranar da aka fitar da ita, kafin su fito daga cikin motar, Mahmuda ya laluba ya murɗa maɓallin fitilu. Aka ji wani ƙiiƙ a gaba.

"Ta buɗe idanun?"

Almu ya leƙa. Fitilar dama ta ɗago, ta hagu tana kwance abinta.

"Guda ta buɗe," ya ce. "Ko hakan ta fi ka da guda."