Kawu Manu da Furen Kuɓewa

Kun dai san Kawu Manu bai taɓa gama gaisuwa a tsaye ba. Kana cewa "ina kwana", ya riga ya durƙusa gindin wata ciyawa, ya zaro rular nan tasa ta tagulla daga aljihu yana auna fure. Tun da ya bar koyar da aikin gona a Bagudo, zama ya gagare shi. Shayi ma a tafe yake sha.

Shekarar da zan gama jami'a aka ba ni aikin koya wa kwamfuta gane fure. Ka ba ta tsawon ganyen furen da faɗinsa, ka faɗa mata sunansa, ka yi ta maimaitawa har ta fara ganewa da kanta. Na zaɓi kuɓewa da rama da yakuwa, don furanninsu kamar 'yan ɗaki ɗaya suke. Idan ba ta koya ba, sai na maimaita shekara. Kuskurena ɗaya, na faɗa gaban Kawu.

"Hauwa, ɗiyata, mi kika ce? Awo take ci?" Ya miƙe zumbur. "To ta samu malami!"

Daga ranar nan, aikin ya bar hannuna. Ya bi gonakin Geza, ya bi na Kurgu, ba ya kawo awo sai da faɗa. Kwamfutar ma ɗalibarsa ya ɗauke ta. Ranar da ta kira rama yakuwa, ya zagaya ta yana huci.

"Wagga yarinya ba ta da kai! Da a ajina take, da ta yi tsallen kwaɗo."

"Kawu, ƙarin misali take so."

"Duk daƙiƙi haka yake cewa."

Da ta fara ganewa kuma sai ya ce satar amsa take yi. Wata rana bayan la'asar ya miƙo mini wani awo, yana danne dariya. Na shigar, ta ce kuɓewa. Ya daka tsalle.

"Na kama ta! Kunnena ne na auna! Ni ne kuɓewa?"

Inna Kulu, matarsa, tana tankaɗe ko kai ba ta ɗaga ba.

"Wallahi ba ta yi ƙarya ba, Malam. Tun da aka kawo ni gidan nan nake neman in riƙe ka, kana sulɓewa."

Kai! Har maƙwabta sai da suka leƙo don dariya.

Sai rigimar iyaka. Wani ya gaya masa kuɓewar mutanen ƙasar Benin ta fi tamu girman fure. Kawu ya ce to ɗalibarsa ba za ta tashi da ilimin ƙauye ba. Likita ya riga ya hana shi yawo saboda hawan jini, amma ya hau babur ya nufi Lolo, garin bakin iyaka. Daga can ya bi gona zuwa gona, kai a ƙasa, bai ankara ba ya tsallaka. Jandarmomi suka ga dattijo a durƙushe yana awo a bakin iyaka, suka zaci ƙasa yake aunawa, suka tsare shi.

Da labari ya iso gida, hankalinmu ya tashi. Inna Kulu ta kasa zaune ta kasa tsaye. Yayana Sani ya ɗauko ni a mota, ni kuwa sai kuka nake, ina cewa ni na jawo. Muna isa me za mu gani? Kawu a tsakiyar lambun bayan ofishinsu, jandarma ɗaya na riƙe da fure, wani na riƙe da rula, shi yana yi musu tsawa da guntun yaren Dendin da ya iya.

"Daga gindi ake farawa, ba daga tsakiya ba! Wa ya koya muku?"

Babbansu ya ja Sani gefe ya ce, don Allah mu tafi da shi, tun hantsi suka sake shi ya ƙi tafiya.

Awon da ya kawo daga can shi ya gyara aikin, na kuma ci jarrabawa. Da na faɗa masa ta waya daga makaranta, cewa ya yi, "Ba ke kika ci ba, ita ta ci. Ki gaishe ta."

Ban sake jin muryarsa ba. Kafin in dawo gida ya faɗi a hanyar masallaci, aka ɗauko shi ya riga ya cika. Ranar da na iso, Inna Kulu ta kama hannuna ta kai ni ɗakinsa, ta nuna mini wani sabon yadi a ninke kan gado. Ta ce shi ya saya, zai ɗinka ya sa ranar bikin gama karatuna, har ya yi faɗa da tela a kan tsawon hannu.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya ba ka hutu, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.