Ƙwaryar Farko a Gayyar Ishaya

Shekara tara ke nan da rasuwar Ishaya, maƙwabcina kuma abokin faɗana a unguwar Nassarawo ta Mubi, amma har yau in na ji ana musu a kan miya sai na waiga ina jiran muryarsa. Allah bai yi wa mutumin nan tsawo ba, bai kuma ba shi dukiyar a zo a gani ba, amma ya ba shi ɗanɗano. Loma ɗaya Ishaya zai kai baki ya gaya maka daddawar ta bara ce, kuma matar da ta yi girkin ranta a ɓace yake. Abin haushin, in ka bincika sai ka tarar haka ne.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Shi Kirista ne, manomin dawa, ni Musulmi mai shanun huɗa da amalanke. Yana kirana Modibbo, wato babban malami, don tsokana, alhali ya san karatuna bai je ko'ina ba. Ranar Babbar Sallah shi ne farkon zuwa cin nama, kuma ba ya tashi sai ya kushe suyar. Ranar Kirsimeti matarsa Rifkatu takan kira ni in yanka musu akuya don ni ma in samu in ci, shi kuma ya tsaya a kaina yana cewa wuƙata ko kabewa ba za ta yanka ba.

Ni kuwa Alƙalin Tuluna nake ce masa, kuma sunan yana da dalili. A wajen mutanensu, in an yi gayya a gona, ladan masu aiki tuwo ne da burukutu. Matan da suka dafa giyar sukan jera tulunansu a gindin bishiya, kuma ba mai kai baki sai kowace ta miƙa ƙwaryar farko ga wanda jama'a suka yarda da bakinsa. Ishaya ne wannan mutumin. Zai kurɓa, ya lumshe ido, ya yi shiru har sai mai tulun ta fara zufa. In ya gyaɗa kai ta rangaɗa guɗa, in ya yamutsa fuska a yi ta yi mata tsiya har wata gayyar, ita ma tana dariya. Abu ɗaya ne ba a yi: mayar da ƙwarya ba a sha ba. Wannan daidai yake da ka ce ba ka yarda da abin da ta zuba a ciki ba, kuma matar da aka yi wa haka ta gama sayar da giya a unguwa.

Sai ciwo ya zo. Ishaya ya rame, ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari ya hana shi sakat. A asibiti aka ce ciwon suga ne, irin wanda sai da allurar insulin kullum. Wani da ya ji haka kwanciya zai yi, shi kuwa abin wasa ya samu. Ya naɗe kwalbar maganin a leda, ya binne ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa don ta yi sanyi. Yakan leƙo ta katanga da sirinji a hannu ya ce, "Modibbo, kai salla, ni allura. Duk wanda ya tsallake tasa ya ga ta kansa."

Ina zaune kusa da shi ranar da ma'aikaciyar jinya ta yi masa maganar giya, kuma ban manta ba. Ta ce allura sauke suga take yi. In ya sauka da yawa, hanta ce ke sako wanda ta ajiye ta ceci mutum. Amma da zarar giya ta shiga jiki, hanta ta shagala da ita ta bar wancan aikin, sai sugan ya yi ta faɗuwa, har bayan an daɗe da ajiye ƙwarya. Ta ce mafi muni shi ne mai wannan hali kamanninsa ɗaya da wanda ya bugu: tangaɗi, harshe ya sarƙe, gumi, sai barci. Daga ranar Ishaya ya daina sha a gida da wajen zama, wannan na shaida. Ƙwaryar farko ce kawai ya kasa bari. "Kurɓi ne, Modibbo," in ji shi. "So kake in kunyata matan mutane?" Tun daga nan duk gayyar da zai je sai na bi shi da dabino a aljihu. In na ga idonsa ya fara canzawa sai in cusa masa, yana ci yana cewa dabinon ya tsufa.

Gayyar ƙarshe ta girbin dawarsa ce, a gonarsa ta ƙetaren rafi. Ta faɗo ranar kasuwar shanu, don haka muka shirya zan zo da amalanke bayan la'asar in kwashe dammunan. Abin da ya faru kafin in iso, daga bakin waɗanda ke wurin na ji. Ya yi allurarsa da safe, ya sha ɗan kunu, ya kama lauje kamar saurayi. Tuwo ya yi latti, giya ta riga shi zuwa, kuma da yake shekarar ta yi albarka tulunan sun yi yawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe shi ne na Mama Saratu, dattijuwar da ta fi kowa iya dahuwa, ya kuwa yaba mata yabon da bai taɓa yi wa kowa ba. Can ya ce jiri yake ji, ya taka yana tangaɗi zuwa gindin tsamiya ya kwanta. Aka yi dariya, aka ce yau tuluna sun kayar da alƙali. Wani ya rufe masa fuska da malafa don kada rana ta dame shi, aka hana kowa matsawa kusa, domin ba a tashin babba in abin sha ya kwantar da shi.

Da na iso na ɗaga malafar, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi mai sanyi. Na kira shi da duk sunayen tsiyar da na sani bai amsa ba. Dabinon yana aljihuna, amma wanda ba ya haɗiya ba a cusa masa komai a baki. A amalanke muka fito da shi titi, keke Napep ya kai mu asibiti, washegari da hantsi ya cika. Ba wanda ya yi masa mugunta a gonar nan. Girmamawa ce suka yi masa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Daga ranar ban sake iya cin dabino ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Mubin yau. Na san zai yi wa giyar leda da ake sayarwa a shaguna dariya, ya ce wannan ai kananzir ce. Zai so 'yar na'urar da ake tsirawa a yatsa ta nuna yawan suga nan take, ko da yake sai ya yi musu da ita. Abin da zai ɓata masa rai shi ne samarin da ke haɗiyar tiramol kafin su kama aiki, wai don kada su ji gajiya ko yunwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ɗansa Luka, da ke tuƙa keke, shi ma ciwon ya kama shi, shi ma allura yake yi. Na zaunar da shi na ce, ƙwayar da ta hana ka jin yunwa ita za ta hana ka jin sugan naka yana sauka, wiwi kuwa zai sa ka rasa ko ka yi allura ko ba ka yi ba. Ya ce, "Bappa, ka faɗa mini jiya." Na ce gobe ma zan faɗa.

Ba ciwon kaɗai Luka ya gada ba, har da bakin. Da girbin bana ya matso, dattawa suka ce wurin Ishaya ya daɗe babu kowa, ɗansa ne zai karɓi ƙwaryar farko. Rifkatu ta shigo gidana ko sallamar kirki babu, ta zauna ta gaya mini. Luka kansa ya rasa mafita. In ya mayar da ƙwarya ya zagi iyayensa mata a gaban jama'a, in ya sha ya san inda hanyar ta kai babansa. Na ce masa ya ƙi karɓa, sai ya ce, "Kai ba a cikinsu za ka zauna ba, Bappa." Gaskiyarsa. Ranar gayya na bar kasuwa ta ci kanta, na cika aljihu da dabino na tafi gonar Ishaya tun safe.

Da rana ta take aka jera tuluna a gindin tsamiyar nan. Ƙwaryar farko ta babbar cikin matan ce, wato Mama Saratu, wadda tun waccan rana ba ta sake ɗora tukunyar giya ba. Ta taso a sunkuye, riƙe da ƙwarya an rufe da faifai, ta ɗora a hannun Luka. Ya ɗaga faifan, sai ga tuwon dawa da miyar yakuwa, yana tururi.

"Wannan ce ƙwaryata," in ji ta. "Babanka ya sha nawa da yunwa, ciki babu komai. Kai ka ci. Tuluna kuma su nemi wani baki."

Luka ya wanke hannu, ya yanki loma, ya lumshe ido, ya yi shiru har tsohuwar ta fara gyara ɗaurin zane. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Mama, gishiri ya yi kaɗan." Wayyo, dariyar da aka yi! Mata suka ɗauki guɗa, Mama Saratu ta kai masa duka a kafaɗa, tana dariya hawaye na zuba.

In an tambaye ni me ya rage na Ishaya, gonar tana nan, katangar tana nan, bakin nan mai kushe girkin mutane ma yana nan da ransa. Akwai kuma abin da bai san ya bari ba: a gayyar unguwarmu yanzu tuwo ke riga tulu isowa, kuma duk wanda ya kwanta a gindin tsamiya, komai furfurarsa, sai an girgiza shi ya amsa. A hanyar gida, ina bayan shanuna, na sa hannu a aljihu na ji dabinon yana nan yadda na zuba shi. Na ciro ɗaya na ci. Ishaya, da gaskiyarka, ya tsufa.