Jar Motar Ƙanina a Gidan Makoki

Ƙanina mai bi mini sai da ya haura shekara arba'in, ya ajiye tumbi, ya tara 'ya'ya, sannan ya gano cewa don tseren mota aka halicce shi. Mu da muka tashi tare a Daura mun san ko keke bai iya ba sai da ya shiga sakandare. Amma wata rana sai ga shi a ƙofar gidan mahaifiyarmu da wata jar mota mai ƙofa biyu, a durƙushe kamar kwaɗo, wadda wani dillali ya shigo da ita ta kan iyakar Kongolam. Inna ta leƙo daga zaure, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "To ina sauran?"

Da ya bar ta yadda ta zo, da bakina bai shiga ba. Sai ya kama kallon bidiyon Turawa a waya, masu gudu a filin da aka shimfiɗa musamman don gudu, ya yanke cewa motarsa ba ta riƙe hanya yadda ya kamata. Duk shekarar nan ba mu da hira sai ta riƙe hanya. Ya sa bakanike ya datse sifirin har cikin motar ya kusa shafar ƙasa. Ya cire shokozoba masu rage jijjiga, ya sa wasu masu tauri. Ya kawo tayoyi masu faɗi, robarsu 'yar siririya kamar an zizara wa ƙarfe kwalli. Akwai wani Ibo mai shagon kayan gyaran mota kusa da tasha, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu, shi yake yi masa odar kayan daga Kano da Legas. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya zo da ƙafarsa yana roƙon a sayar masa da wahala, ai sai a ƙulla masa a leda.

Daga nan ya koma yaƙi da nauyi. Ya fitar da kujerar baya, ya fitar da tayar ko-ta-kwana, ya fitar da na'urar sanyaya mota, a garin da zafin bazara ke narkar da kwalta. Duk wannan ragin, bai taɓa tunanin rage malmala ɗaya a tuwonsa ba, alhali abin da ya fi komai nauyi a motar shi ne mai tuƙa ta. Ya ƙare da salansar hayaƙi: ya jefar da ta asali, ya sa wani bututu mai faɗin bakin tulu. In ya tayar da ita a unguwarsu, mu a tamu unguwar mun san ya fito.

Ana cikin haka mijin goggonmu ya rasu a wani ƙauye gaba da Mai'adua. Inna ta riga ta tafi tun ranar jana'iza. Ranar sadakar uku maigidana ba ya gari, ya tafi da motarmu, ina shirin fita tasha sai ga ƙanin nawa.

"Haba Yaya, ina da mota ki shiga ta haya? Kafin ki gama gyara mayafi mun isa."

Na shiga, ko in ce na faɗa ciki, don kujerar a ƙasa take, ƙunƙuntacciya, da wasu maɗaurai da ya zargo mini ta kafaɗu ya ɗaure a ciki, kamar jaririyar da aka goya ta gaba. Ba mu bar cikin gari ba muka iske tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Ya taka birki, ya karkata motar, ya hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe. Duk da haka na ji ƙasanta ya yi ƙuuu. 'Yan acaɓa suna wuce mu suna waiwaye. A tudu na gaba amalanken shanu ɗauke da kara ya sha gabanmu, mai shanun har da ɗaga mana hannu.

Da muka fita gari ya taka totur. Kowace tsakuwa da ke kan titin sai da ta gaisa da ƙashin bayana. Ga zafi, ga ƙara, ga ƙaurin mai. Ya sha wata kwana da gudu, ya ɗaga murya don in ji shi.

"Yaya, kin ji yadda ta manne da titi?"

"Na ji yadda haƙorana ke haɗuwa. Rage gudu, gidan mutuwa za mu je gaisuwa, ba mu za a yi wa ba."

Bai rage don maganata ba, sai don ranar kasuwar Mai'adua ce. Wata babbar mota maƙare da shanu ta tare hanya, muka bi bayanta a hankali muna shaƙar hayaƙi da warin kashin shanu, shi kuwa yana ta tsaki yana cewa mutanenmu ba su san darajar titi ba.

Inda kwalta ta ƙare, hanyar ƙauyen rairayi ce. Na ce ya ajiye motar a gindin wata tsamiya mu ƙarasa da ƙafa. Ya ce nan da can ne, motar za ta kai mu. Muka kutsa tana nishi tana jan ciki, har muka hango maza zaune a kan tabarmi a inuwar darbejiya, an ɗaga hannuwa, malam yana addu'a. Daidai gabansu ta nutse. Mai hankali da sai ya kashe injin. Shi sai ya danna totur har ƙasa. Tayoyin baya suka watsa rairayi a kan tabarmi, a kan rawunna, a cikin farantan gumba da ƙosan sadaka. Sannan bututun nan ya yi tau! tau! kamar harbin bindiga.

A zamanin nan ba a wasa da irin wannan ƙara a ƙauye. Dattawa suka watse, wani ya bar takalmansa, wani ya faɗa bayan danga. Daga cikin gida na ji mata sun ɗauki salati. Wani sa da ke ɗaure a turke ya tsinke igiya ya yi gona. Ni kuwa ina ɗaure a kujera, na kasa kwance kaina, na ja mayafi na rufe fuska.

Da hankali ya dawo, 'ya'yan mamacin ne suka taso suka kewaye motar don su ciro ta. Mutanen da muka zo yi wa ta'aziyya. Ƙanina ya fito, bai ce musu ya haƙuri ba, bai yi wa mamaci addu'a ba, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Don Allah kada ku kama ta bamba, ba ta da ƙwari."

Kawunmu, yayan Inna, ya tako a hankali yana kakkaɓe rairayi daga gemunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Kai ne da wannan?"

"Ni ne, Kawu. Matsalar hanyar ce, ba a yi ta don irin wannan motar ba."

"To, mu ma ba mu yi zaman nan don ita ba. Shiga ka gai da goggonka, in ka tuna abin da ya kawo ka."

Da na shiga ciki, Inna ko kallona ba ta yi ba sai da aka yi la'asar. Na dawo Daura a bayan akori-kura tare da matan dangi, a kan buhun gero, kuma wallahi na fi jin daɗin zaman. Shi sai da aka jawo shi da igiya har bakin kwalta, baƙin mai yana ɗiga daga ƙasan motar, don wani kututture ya huda ta.

Na zaci zai ji kunya ko ta mako guda. Kwana kaɗan sai ga shi gidana yana ba maigidana labari, wai ya gano bakin zaren: farantin ƙarfe zai sa a lulluɓe ƙasan injin. Har yau motar tana nan. Tituna biyu ko uku take iya bi a garin, su yake zagayawa da yamma yana firgita awaki, matarsa da 'ya'yansa kuwa a acaɓa suke zuwa ko'ina.

Da goggo za ta fita takaba, ta aiko a gaya wa dangi, ta ƙara da cewa shi ya zo a motar haya. Ya zo ɗin. Ƙanwarmu da suka shiga mota ɗaya ta ce tun daga tasha har Mai'adua yana zaune a gaba, yana lissafa wa direban abubuwan da ya kamata ya cire.