Ranar da Yaya ta yi muryar lauya

Shekarun baya, bayan na watsar da makaranta, na taɓa tuƙin Keke, na taɓa gyaran waya, duk ban zauna ba. A ƙarshe na faɗa wani ɗan shago a bayan kasuwar Suleja inda ake fassara finafinan Indiya. Oga mai shagon ne ke muryar maza, ni kuma duk macen da ta fito a fim tawa ce. Sai in toshe hanci in maƙe murya. Uwa, budurwa, kaka, duk murya ɗaya.

Ranar da yayata ta ji aikina a waya, sai da ta ajiye tsintsiya don dariya.

"Auta, wace mace ka taɓa ji tana magana kamar akuya mai mura?"

Na ce, "To Yaya, ki zo ki yi mana."

Ashe ta riƙe. Wata Asabar Oga ya shiga Abuja sayen kaya, sai ga ta da hijabinta. Fim ɗin da ke kan kwamfuta akwai wata lauya da ke kare wata baiwar Allah a kotu. Na faɗa mata abin da ake cewa, ta sa abin ji a kunne, ta gyara tsayuwa. Ba ta maƙe komai ba. Da muryar da take yi min faɗa a gida ta yi. Wallahi sai na ga lauyar ta zama mutum. Har mai shayin gefenmu ya leƙo.

Da Oga ya dawo ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ta iya. Amma kwastoma in mace ta buɗe baki dariya yake jira. Wa zai zauna mace na masa lacca?" A gabana ya goge, ya miƙo min makirfo.

Da na gaya mata, sai ta ce, "Ba komai. Ai na ji kaina sau ɗaya."

Yanzu tana garin Maje da yaranta huɗu. Ni kuwa in na ji mace ta gaske na fassara a wayar wani, sai in tsaya in kasa kunne, ko muryar za ta yi kama da tata. Ban samu ba har yau. Kwanaki na ce mata yanzu fa ana ɗaukar mata, ta zo in kai ta.

Ta ce, "Auta, waccan muryar ai ta ƙare a kiran yara."